Hanyar da ta tashi daga Kurmi ta bi Jakara ta nufi Dala: wa ya san labarinta?

Jikan Dillali ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga mutanen cikin birnin Kano ce, musamman iyayenmu da suka tashi tsakanin Kasuwar Kurmi da gindin Dala.

Allah ya yi wa mahaifina rasuwa bayan ƙaramar sallar da ta wuce. Da aka yi arba'in, muka je gidanmu na gado don a buɗe ɗakinsa na soro. Gidan yana cikin wani lungu ne, idan ka fito daga Kurmi ka tsallaka Jakara kamar za ka Dandalin Turawa. Ni ba a can na tashi ba, tun ina ɗan shekara shida muka koma Hotoro, sai dai ziyarar sallah da ta biki. A ƙarƙashin gadonsa muka jawo wata tsohuwar adaka. Abin da ke ciki ba yawa: wata kore, wato baƙar riga, da aka ninke, wadda har yau in ka shafa ta sai shuni ya kama maka hannu, da wuri ƙulle a tsumma, da wani mukulli na ƙarfe tsawon tafin hannuna wanda ba ƙofar da yake buɗewa a gidan, sai takarda guda ɗaya a cikin gafaka.

Takardar ce ta hana ni barci. Rubutun tawada ne, layi goma sha ɗaya, Larabci gauraye da ajami. Na iya tsintar kalmar "zambar" a wurare da dama, na kuma ga wani suna da ya ƙare da "Gadamusi". Da na ɗaga ta a rana sai na ga tambarin jinjirin wata guda uku a cikin jikin takardar kanta, a jere, babba da matsakaici da ƙarami. Gwaggona, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, ta ce ta kakan babana ce, wai dillalin tufafi ne a Kurmi, kuma baƙi suna sauka a soronmu. Iyakar abin da ta ce ke nan, sai ta kama kuka, ban ƙara matsa mata ba.

Abin da nake son sani: me ya sa ake ce wa wajen Dandalin Turawa, alhali tun tasowata ban taɓa jin Bature ya zauna a can ba? Shin da gaske Jakara ruwa ne sosai a da? Kuma yaya aka yi hanyar da aka ce raƙuma suna bi ta zama lungun da ko Adaidaita Sahu sai ta yi dabara take wucewa? Soronmu yana da faɗin da za a shimfiɗa tabarma goma, amma yau ba abin da ke ciki sai babur ɗin ɗan haya da buhunan gawayi. Duk wanda ya san wani abu, don Allah ya taimaka min. Ina da 'ya'ya uku, babban ya fara tambayata daga ina muke.

Dattijon 'Yan Sirdi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi. Ɗana, jikana ne ya karanto min tambayarka, shi ne kuma yake danna min wannan amsa, don ni ido ya yi rauni. An haife ni a 1947, na yi shekara arba'in da 'yan kai ina ɗinkin kayan doki a Kurmi, kuma hanyar nan da kake magana a kai da ƙafata na san ta.

Mu fara da Turawa. A bakin mutanen da, Bature shi ne Balarabe, farin mutum da ya keto Sahara. Wanda ya zo da igwa ya fasa ganuwa a 1903, Nasara ake ce masa. Daga baya ne sunan ya tashi daga kan wancan ya sauka a kan wannan, ita kuwa unguwa ta riƙe nata. Saboda haka Dandalin Turawa dandalin Larabawa ne, mutanen Gadamas da Turabulus da Gat. Sunan da ka gani a takardarka Bagadamashe ne, ba ko shakka. Su ne suke kawo alharini da jar dara da alkyabba, da takarda da allura da madubi, da murjani da ruwan takobi. In za su koma su ɗauki jar fata da hauren giwa da gashin jimina da baƙin tufafinmu. Wasu sun yi aure a nan, sun gina benaye na ƙasa, jikokinsu suna nan, Kanawa ne kamar ni da kai, sai dai in ka dubi hanci da hasken fata ka gane.

Soronku da ka ce yana cin tabarma goma, ba don ado aka yi shi haka ba. Baƙo in ya iso da kaya ba ya shiga kasuwa da kansa. Yana da fatoma, wato maigidan da zai sauke shi, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya kulle masa kayansa a ɗakin ajiya, ya tsaya masa in an ci bashi. Wannan mukulli naka, ina kyautata zaton na irin wannan ɗaki ne, an rushe shi ko an raba shi a gado. Shi kuma dillali shi ne ƙafar fatoma: ya saɓa riga a kafaɗa ya zaga rumfa-rumfa, wannan ya taya, ya je ya gaya wa mai kaya, mai kaya ya ce albarka, ya dawo, a ƙara, har a kai inda za a ce an sallama. Sai ya ɗauki la'adarsa. Mutum ɗaya yakan haɗa duka biyun, ina jin kakanku haka yake. Jarin dillali amana ce kawai. In aka kama shi da ha'inci sau ɗaya, ya tashi daga aiki har abada, don Kurmi ba ta mantuwa.

Zambar kuwa dubu ce a lissafin wuri. Zambar ashirin shi ne keso guda. Mahaifina ya ce min akwai mutanen da ba su da wata sana'a sai ƙirgar wuri, su zauna a tabarma suna jan biyar-biyar da yatsu, ka ji kamar ruwan sama a kan kwano.

Jakara ruwa ne, ɗana. Ai sunan kasuwar ma daga nan ya fito. Kafin a yi kasuwa wurin kurmi ne, duhuwar itatuwa a kewaye da baƙin ruwa, mutanen Dala na zamanin Tsumburbura suna girmama shi, ba a sarar itacensa. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwa a wurin, shi ne kuma ya gina gidan sarautar da ake ciki har yau. Ni ban tarar da kurmi ba, amma na tarar da ruwa. Da damina Jakara takan cika ta tumbatsa, mu naɗe wando mu ɗora allo a ka mu tsallaka, kwaɗi su hana unguwa barci, sauro kuwa ba a magana. Kududdufai sun kewaye ko'ina, don duk gidan da ka gani a birni daga rami aka haƙo ƙasarsa. Da mutane suka yi yawa sai ruwan ya zama kwata, aka yi ta cike kududdufai ana gini, daga baya aka rufe shi da kankare aka ɗora titi.

Abin da na fi kewa shi ne ƙara. Da safe in ka doso kasuwa, tun daga nesa kake jin mabuga, mutum biyu sun sa gungume a tsakiya suna sauke dundu bi da bi a kan riga mai shuni har ta yi ƙyalli kamar bayan ƙwaro. Ga maƙera ta can, ga masu jima da warinsu, ga jakuna. Makaho ma ya san inda yake a Kurmi da kunne da hanci: nan 'yan turare ne, ga ƙamshin hawi da jawul da kajiji, nan 'yan kanwa, nan 'yan littattafai.

Tambayarka ta ƙarshe amsarta jirgin ƙasa. Da, arzikin Kano ta arewa yake shigowa, ayari ya sauka a Fagge, kaya su shigo ta Ƙofar Mazugal da Ƙofar Wambai da Ƙofar Ruwa, su gangaro Kurmi. Unguwarku tana kan hanya. Da dogo ya iso a 1911 sai ya tsaya a gabas, bayan badala. Kamfanoni suka kafa kanti kusa da tasha, Kwarori suka zauna a Fagge ta kudu, aka yi Sabon Gari. Abin da raƙumi yake wata da watanni yana ɗaukowa, jirgi ya kawo shi daga Ikko cikin kwanaki. Ba wanda ya kori kowa daga lungunku. Gaban gida ne ya koma baya, shi ke nan. Masu wayo suka bi gyaɗa, irin su Alhassan Ɗantata, wanda da fataucin goro ya fara. Waɗanda suka tsaya a kan kore da turkuɗi suka yi ta jiran baƙin da ba su ƙara zuwa ba. Mu 'yan sirdi hawan sallah ne ya riƙe mu, don muddin sarki zai yi hawan Daushe da hawan Nasarawa, sai an nemi sirdi da linzami da likkafa da jalala.

'Yar Mai Gurasa ta amsa:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Na karanta bayaninku sau biyu. Amma Baba, kun ba da labarin soro, ba ku shiga cikin gida ba, kuma rabin tarihin hanyar nan a cikin gida yake.

Ɗan'uwa mai tambaya, in kana son ka ga abin da Larabawan nan suka bari wanda bai mutu ba, ka je Jakara da hantsi ka tsaya wajen 'yan gurasa. Ni a gidan gurasa aka haife ni. Kakata ta yi, mahaifiyata ta yi, yayata tana yi har gobe. Tun ƙarfe uku na dare ake tashi, an riga an kwaɓa tun daren jiya ya tashi, a hura wuta a tanderu har cikinsa ya yi fari, sannan a ɗebo ƙullin da hannu a manna a jikin tanderun. Duk macen da ta yi wannan sana'a za ka gane ta a damtse, don gashin hannunta ya ƙone tun tana budurwa. Kafin a idar da sallar asuba an cika kwanduna, yara sun ɗauka sun yi Jakara, daga can masu sari su rarraba ta gari, har ƙauyuka. Mai tsire yana jira, mai bandashe yana jira da ƙuli-ƙulinsa da man gyaɗa da albasa.

Kakata takan ce abincin alkama duk daga gidajen Larabawa ya fito: gurasa, alkubus, alkaki. Matan da suka yi aiki a gidajen, da waɗanda aka aura a ciki, su suka fito da shi, maƙwabta suka koya ta kan katanga. A da abincin masu hali ne, sai da azumi ko in an yi babban baƙo. Yanzu ɗan makaranta ma da ita yake karya kumallo.

Baƙin da suke sauka a soronku, wa yake tuƙa musu tuwo? Wani ayarin sai ya yi wata uku bai tashi ba. Matan gidan ne suke daka, su yi surfe, su yi niƙa, su tuƙa, ba wanda ya rubuta sunansu a takarda. Kuma zaren da aka saƙa korenka da shi, mace ce ta kaɗa shi da mazari a tsakar gida. Kakata da kuɗin kaɗi da na gurasa ta yi wa 'ya'yanta mata huɗu kayan ɗaki, har da jeren tasoshi.

Shawarata, ka koma wajen gwaggonka. Kada ka je mata da takarda da biro kamar mai ƙidaya. Ka sayi goro da turare, ka tafi da matarka da yaran, ku wuni. Ka bar ta ta yi kukanta ta gama. Tsofaffinmu mata sai hira ta yi hira suke buɗe ciki, kuma abin da ta sani ba ya cikin kowane littafi.

Badamagare ya amsa:

Salamu alaikum mutanen Kano, gaisuwa daga Damagaram. Hanyar da kuke magana a kai, mu ce ɗaya bakin nata yana wajenmu. Ayarin da ya tashi daga Kano zai yi Turabulus, nan yake yada zango, sannan ya bi Damargu, ya hau Agadas da duwatsun Azbin, ya yi Gat da Gadamas. Shi ya sa garinmu ya rabu biyu: Birni inda fadar sarki take, da Zango inda fatake da Buzaye suke sauka. In ka shiga Zango ka ga gidajen attajiran da, irin zanen da ke goshin soro da zankwaye, sai ka rantse a cikin birnin Kano kake.

Baba ya ce baƙi ba su ƙara zuwa ba. Ranka ya daɗe, ban ƙi ta taku ba, amma ba duka suka ɗauke ƙafa ba. Larabawa sun daina, Buzaye ba su daina ba. Mahaifina har ya tsufa alasho yake saya a Kano, wanda ake saƙawa a rina a buga a Kura, ya kawo nan, ya wuce da shi Agadas. Ba Buzun da zai yi aure ko ya je babban taro ba da shi a kansa ba, kuma shunin da yake zuba a fuska shi ne abin so, in bai zuba ba ma ba a saye. Ina yaro na raka shi sau biyu, muka bi ta Matamaye da Daura a bayan babbar mota. A wani soro kusa da Kurmi muka kwana, maigidan ya karɓi kuɗin mahaifina ya ajiye ba rubutu ba shaida, da safe ya haɗa shi da dillali. Wannan a shekarun 1980 ne, ba zamanin wuri ba. Haka kuma masu gishirin Bilma, da kantu da dabino, ba su fasa gangarowa ƙasar Hausa da kaka suna musaya da hatsi ba.

Mu ma abin da ya same ku ya same mu, har ya fi. Faransawa sun ci garin a 1899, suka mai da shi babban birnin ƙasa, sannan a 1926 suka kwashe suka koma Yamai. Da aka rufe iyaka a 2023 na ga tsofaffi a kasuwar Dole suna ta jinjina kai, suna cewa tun kakanninsu ba a taɓa raba Damagaram da Kurmi ba.

Malamin Tarihi, Gwale, ya amsa:

Allah ya saka wa Baba da alheri, ya faɗi abin da mu sai a takarda muka gani. Ina da ƙari kaɗan, da kuma magana ɗaya mai nauyi.

Takardar mai jinjirin wata uku a arewacin Italiya ake yin ta, musamman don kasuwannin Musulmi, ta sauka a Turabulus, ta hau raƙumi. Alƙur'anai da yawa na hannu da ke gidajen malamanmu a kan irinta aka rubuta su. Kada ka naɗe ta a leda, kada kuma ka bari a manna mata roba mai zafi. Ka bar ta a gafakarta, ka ɗauki hotonta da waya, hoton za ka riƙa nunawa.

A shekarar da dogo ya iso Kano, 1911, a ita ce Italiya ta kai wa Turabulus yaƙi. Wato hanyar ta toshe ta can baki a daidai lokacin da aka buɗe wata ta nan. Wasu daga Larabawan Kano sai suka koma aika fatunsu ta Ikko a jirgin ruwa.

Nasara biyu sun ga kasuwar nan tun kafin zuwan Gwamna Lugga (Lugard). Clapperton ya zo a 1824, ya yi mamakin cewa in ka sayi turkuɗi ka tafi da shi wani gari mai nisa ka tarar da aibi, za ka iya mayar da shi, domin an sa sunan dillalin a cikin ƙunshin, dole a nemo mai kaya ya biya. Ka ga maganar Baba ta amana ke nan. Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo a 1851 ya sauka a Dala, don haka hanyarku ya riƙa bi zuwa kasuwa. Ya ƙiyasta mazauna birni 30,000, suna ninkawa in ayari ya sauka da rani, ya ce tufafin da Kano take fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, lokacin da riyal ɗaya take wuri 2,500.

Maganar mai nauyi ita ce, ba tufafi da fata kaɗai aka sayar a Kurmi ba. An sayar da mutane. Akwai rumfunan bayi a cikin kasuwar, maza a jere, mata a jere, ana duba haƙoransu ana tayawa, da dillalansu da la'adarsu kamar kowace haja. Wasu aka keta Sahara da su, da yawa kuma a nan suka tsaya, a rinji da gandu da marina da cikin gidaje. Bayan 1903 aka rufe cinikin a fili, aka ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma bautar kanta sai a 1936 doka ta kashe ta gaba ɗaya. Ina faɗa wa ɗalibaina wannan duk shekara, ajin yakan yi tsit, don a cikinsu akwai jikokin masu saye, akwai jikokin waɗanda aka saya, kuma yawanci jini ya riga ya gauraya. Ina gaya maka ne don ka shirya zuciyarka kafin a karanta maka layi goma sha ɗayan nan.

Ɗan Zongon Kumasi ya amsa:

Ina gaida iyaye da 'yan'uwa. Kun yi ta kallon arewa, kada ku manta da hanyar Gwanja. Mu nan zongo jikokin fataken goro ne. Kakan kakana da jakuna ya baro Kano, da kanwa da baƙaƙen riguna, a bayan madugu, wata biyu zuwa uku a hanya kafin a ga Salaga. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892 mutanenmu suka bazu, wasu Karachi (Kete-Krachi), wasu Kumasi, wasu Ankara (Accra), duk a ƙasar Gana ta yau. Malam Alhaji Umaru, wanda ya rasu a Karachi a 1934, haifaffen Kano ne. Kakata har ta rasu in ta ga tufa mai kyau sai ta ce "kamar daga Kurmi", ita da ba ta taɓa taka Nijeriya ba. In an karanta takardar aka ga goro a ciki, a sanar da ni.

Jikan Dillali ya sake rubutawa:

Na gode, Allah ya bar zumunci. Baba, Allah ya ƙara girma, ranar Asabar na bi hanyar da ƙafa tun daga Ƙofar Mazugal har cikin Kurmi, ina tafe ina tuna maganarku. Na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba: tsofaffin soraye da suka rage duk ƙofofinsu masu faɗi ne da tsayi, an toshe rabinsu da bulo an sa ƙaramar ƙofar ƙarfe.

Na kai hoton takardar 'yan littattafai, aka nuna min wani tsohon malami a can ƙuryar rumfa. Ya sa tabarau, ya karanta a hankali yana bi da yatsa. Lissafin bashi ne tsakanin kakanmu da Bagadamashen. Kore ashirin da huɗu, turkuɗi, alharini ja, takarda, sai jar fata. Ɗan'uwa na Kumasi, akwai goro, ƙwarya biyar, amma malamin ya ce da alama kyauta ce aka haɗa wa baƙon, don ba a sa kuɗi a gabansa ba. Da ya zo layi na tara sai ya tsaya, ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce kalmar "jariya" ce, wato kuyanga, an karɓe ta a madadin wani kaso na bashin. Ba suna, ba gari, sai adadin wuri. Malam na Gwale, Allah ya saka, ba don kun riga kun gaya min ba, ban san yadda zan tashi daga rumfar nan ba.

Hajiya, na bi shawararki. Jiya Lahadi muka wuni wajen Gwaggo da maiɗakina da yara, na tsaya a Jakara na sayi gurasa mai zafi. Sai bayan la'asar na gaya mata abin da malamin ya karanta. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce tana ƙarama akwai wata tsohuwa a ɗakin da ke bayan rijiya, kowa Iya yake ce mata, tana da tsage a fuska irin wanda ba na nan ba, in tana kaɗi takan yi waƙa da wani yare da ba mai ji. Ita ta yi goyon kakana, ita ta yi goyon mahaifina. Ta ce ranar da ta rasu kakana da kansa ya shiga kabari ya karɓe ta, ya kwana uku bai fita kasuwa ba. Gwaggo ba ta ce ita ce ta takardar ba, ni ma ban tambaya ba. Amma ta tuna baiti ɗaya na waƙar, ta rera mana, na ɗauka a waya.

Zan sa muryar a nan in Gwaggo ta yarda. Ko a cikinku akwai wanda zai ji ya gane yaren, ko daga kudancin Bauchi ne, ko Adamawa, ko ta wajen Chadi. Baba, in da hali ina so in zo in gaishe ku ranar Juma'a bayan an sauko, in kawo mukullin ku gani.